Sheƙa a Saman Bene

Ina da wani ɗan aibi, gara in faɗe shi da bakina kafin matata Halima ta riga ni. In aka ɓata mini rai ba na faɗa, ba na zagi, lissafi nake yi. Wani in ka taka shi zai ɗaga murya unguwa ta taru, a ba shi haƙuri, kafin la'asar kuna cin goro tare. Ni kuwa murmushi zan yi maka, in koma gida in fara auna tsawon katangarka da ido. Kimiyya nake koyarwa a ƙaramar sakandare, kuma kowa da abin da ya iya yake yaƙi.

Daga wani ƙauye a ƙasar Ruma muka taso muka dawo cikin Batsari, lokacin da kwana a gida ya zama sai mai ƙarar kwana. Muka samu wani ɗan gida a bakin gari, ɗaki biyu da tsakar gida da ba ta fi shimfiɗar tabarma huɗu ba. Maƙwabcina ta gabas shi ne Mani, mutumin Runka ta ƙasar Safana, wanda shi ma abin da ya koro ni ya koro shi. Ka ce mutum biyu da wuta ɗaya ta ƙona za su zauna lafiya. To, haka na zata ni ma.

Shekarar da aka cire tallafin mai ce. Albashina yakan iso kamar baƙon da ya zo gaisuwa a tsaye, kafin ka shimfiɗa masa tabarma ya yi sallama. Abin da ya riƙe gidana shi ne 'yar gonar gero da na bari a ƙauye. Taki ya fi ƙarfina, sai na noma ta da addu'a. Da kaka ta matso aka fara raɗe-raɗin mutanen daji za su fito, kowa ya ruga ya yanke abinsa, ya nuna ko bai gama nuna ba. Na bi ayari a kan babur, muka girbe a gurguje muna waige, aka loda damman a akori-kura aka kawo gari. Geron nan shi ne tuwonmu da kununmu har wata damina. Babu wani a bayansa.

A da, a bayan gari ake sussuka. Mata su kai turame fili, su daka, su sheƙe, ƙaiƙayi ya bi iska ya shiga daji inda babu wanda zai dama. Yanzu wa zai bar iyalinsa a fili suna buga taɓarya, ana jin su daga nesa? Sai kowa ya shigo da masussukarsa cikin gida. Ita kuwa iskar kaka daga gabas take busowa, ba ta san an yi ƙaura ba. Fanta matar Mani takan kife turmi ta hau, ta ɗaga ƙwarya sama da kanta ta tsiyayo. Tsaba ta sauka a gabanta. Ƙaiƙayi ya tsallako katanga ya sauka a gidana.

Abin haushin, na fi kowa sanin dalili. Duk shekara nakan shiga aji da duwatsu biyu, babba da ƙarami, in hau tebur in sake su tare, su dira tare. Yara su ce na yi dabara, in sake. Sannan in ɗauki takarda biyu, in dunƙule ɗaya in bar ɗaya a shimfiɗe. Dunƙulalliyar ta faɗo tim, shimfiɗaɗɗiyar ta yi ta rangaji kamar ba ta da niyyar sauka. Sai in ce musu: ƙasa ba ta da son kai, kowa jansa take yi daidai. Iska ce mai duba fuska. Mai nauyi, dunƙulalle, sai ta matsa masa ya wuce. Mai faɗi marar nauyi kuwa ta tare shi, ta rage masa gudu, in tana da wurin zuwa ta tafi da shi. Kuma gwargwadon daɗewarsa a sama, gwargwadon nisan da za ta kai shi. Ashe darasin da nake ci da shi ne zai riƙa shigo mini gida ta kan katanga.

Na daure da ƙaiƙayin da ke faɗawa randa. Na daure da na shimfiɗa. Wanda ban daure ba shi ne na babbar rigata, guda ɗaya tilo, da Halima ta wanke ta shanya ranar Alhamis. Juma'a na zura ta na tafi masallaci da wuri, na samu sahun gaba. Liman bai gama hamdala ba na ji kamar an sako mini rundunar kiyashi daga wuya zuwa ƙugu. Wanda bai taɓa sa rigar da ƙaiƙayin gero ya kwana a ciki ba, kada ya ce ya san jarrabawa. Na motsa kafaɗa. Na goga baya da iska. Na sa hannu ta aljihu kamar mai neman carbi. Ranar kuwa liman ya zaɓi yin doguwar huɗuba a kan haƙuri. Kafin a tayar da salla na watsar da mutunci, ina susa da hannu biyu, na kusa da ni suna ja da baya.

Da yamma na samu Mani a dakalin ƙofar gidansa, majalisa ta cika.

"Salamu alaikum. Malam Mani, barka da yamma."

"A'a, Malam Sadisu! Barka kadai. Ya iyali? Ya ɗalibai? Ya muka ji da wanga zamani?"

"Alhamdu lillahi. Ya gajiyar kaka?"

"Gajiya ta bi lafiya. Ya jikin kuma?"

"Wane jiki?"

"To, na gan ka a masallaci. Na ce ko ƙazwa ce. Akwai wata tsohuwa a Runka, in ta haɗa maka sabulu, kwana kaɗan sai labari."

Na haɗiye wannan. Na yi masa bayani a natse, irin na mai ilimi, cewa ƙaiƙayin gidansa ne, kuma da za a matsar da turmin can gindin katangar gabas, a daina hawa kansa, da an rage.

Ya saurare ni har na gama, yana ɓare gyaɗa. Sannan ya ce, "Malam, mi kake so in yi? Ni ƙasa na ce su zuba, kuma ƙasa suke zubawa. Abin da ya tsallaka katanga ba mu muka aike shi ba. Kai da ka karanci iska a makaranta, ka yi mata magana mana. Ai ta fi jin naka."

Majalisa ta kwashe da dariya. Wani ya ce, "Allah ya ba Malam Sosa haƙuri." Kafin Litinin sunan ya riga ni zuwa makaranta. Ina shiga aji, sai na ga yaran layin baya duk sun sa hannu a wuya suna susa, fuskokinsu kamar na salihai.

Na yi murmushi. Na fara lissafi.

Matsalar ita ce Mani yana gabas da ni. Duk abin da na zuba daga gidana, maƙwabcin yamma zai samu, wani bawan Allah mai gyaran rediyo da bai taɓa yi mini komai ba. Dole in koma gabas da Mani. A can kuwa akwai wani kangon bene da mai shi ya tsaya da gini da siminti ya yi tsada, ya koma Katsina ya bar shi ga ƙadangaru. An zuba rufin siminti, matakala ma akwai, ba a dai sa mata abin dafawa ba. A gindinsa akwai ɗan fili, sai lungu, sai katangar Mani.

Ka duba kyawun abin. Fanta a kan turmi take tsayawa, ƙaiƙayinta ɗan lokaci kaɗan yake yi a sama, duk da haka yana tsallaka katanga. Ni daga saman bene zan tsiyayo. Tsaba za ta yanko iska ta sauka a tamfol a gindin gini. Ƙaiƙayi kuwa zai daɗe yana shawagi, ya haye lungu, ya sauka a tsakar gidan Mani, da ɗakunansa, da tukunyar miyarsa. Ba na kwano ɗaya ba, na gona guda.

Ni ba mutumin da ke aiki da ka ba ne, sai da na gwada. Na ɗebi gero cikin tiyar da Halima ta auno a kasuwa kafin namu ya iso, geron garin Karare, ƙosasshe, kowace ƙwaya kamar an zaɓe ta. Na cakuɗa shi da ƙaiƙayin da na share a tsakar gidana, wato kayan Mani zan fara mayar masa. Na hau benen da rana tsaka lokacin da kowa ya shige inuwa, na saki. Tsaba ta sauka a gindin gini kamar an ja mata layi. Ƙaiƙayi ya tafi inda na aike shi. Na sauko ina jin da ana raba lambar yabo a Batsari, da an kira sunana.

Halima da wasu mata biyu sun gama sussuke namu, an ɗura a buhuna da ƙaiƙayinsa, ana jiran ranar sheƙa. Na ji ta tana cewa geron bana sai dai a gode wa Allah. Na ce ai kullum ma shi ake gode wa, na wuce, hankalina yana kan bene.

Da na gaya mata shirina, ta ajiye muciya ta dube ni.

"Malam, kai ne za ka yi sheƙa?"

"Ni ne."

"Da ƙwarya? A saman bene? Gari yana kallo?"

"Kimiyya ba ta san mace ko namiji ba."

"Kimiyya ba ta sani ba, amma Batsari ta sani. Ka bar mutumin nan da halinsa. Kaka ta kusa wucewa, kowa zai huta. Kuma ka san abin da Hausawa suka ce game da ƙaiƙayi da masheƙiya."

"Masu karin maganar ba su auna iska ba. Ni na auna."

"To, Allah ya ba da sa'a. Ni dai ba da ni ba. Ranar gidan Gwaggo zan wuni, kada a ce ina nan aka yi."

Na jira ranar da iska ta fi ƙarfi, don ina son saƙon ya shiga har ƙuryar ɗaki. Ranar Asabar da hantsi na ga tsumman da na ɗaura a kan sanda ya miƙe sambal yana nuna gidan Mani kamar ɗan sanda. Na kira masu baro suka kai buhunan, suka hau da su, suka tafi suna waigena. Na shimfiɗa tamfol a gindin gini na danne da bulo. Na naɗe hannun riga, na ɗauki ƙwaryar Halima.

Akwai abin da ban sa a lissafi ba: ina tsoron tsayi. Ranar gwaji da cikin hannu ɗaya na yi, a durƙushe. Yau da ƙwarya cike, ban iya matsawa baki in leƙa ƙasa ba. Sai na tsaya baya kaɗan, na miƙa hannuwa iya tsawonsu, na kafa ido a gidan Mani. Can ne ma nake son gani.

Na tsiyayo ƙwaryar farko. Jama'a, ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba. Ƙaiƙayi ya tashi fari sol, ya yi wani lanƙwasa a sama, ya haye lungu ya rufe gidan Mani kamar an yafa masa mayafi. Na biyu. Na uku. Na hango awakinsa suna atishawa. Na hango Fanta ta fito da gudu ta ɗaga kai, ta koma ciki da gudu. Sai ga ta da 'ya'yanta mata sun fito da tabarmi da zannuwa da faya-fayai, suna ta shimfiɗawa, suna kai da kawowa, kawunansu a lulluɓe. Na ce a raina, ku rufe duk abin da za ku rufe, akwai buhu a bayan buhu.

Daɗi ya kwashe ni. Mutum mai shekaruna, mai furfura a gemu, sai ga ni ina ɗaga murya.

"Mutanen gidan Mani! Ga sadaka! Ku karɓa, ba sai kun yi godiya ba!"

Lungu ya fara cika. Masu shayi, masu faci, matasan da ba su da aikin yi, wato kusan duka matasan. Ban iya ganin na gindin gini ba, amma ina jin hayaniyarsu, kuma na ɗauka tafi ake yi mini. Can sai na ji muryar Baba Jika, ladanin masallacinmu, dattijon da in ya yi magana ake shiru.

"Malam Sadisu! Kai ne a sama?"

"Ni ne, Baba! Barka da hantsi!"

"Barka kadai. Abin nan da kake yi, da gaske sadaka ce?"

"Sadaka ce, Baba, fi sabilillahi!"

"Ka san abin da kake faɗa kuwa? A wannan shekara?"

"Na sani sarai! Duk abin da ya tsallaka katangar nan na ba su, duniya da lahira! Jama'a ku shaida!"

Na ji lungu ya ɗauka da "Mun shaida!" Baba Jika ya ce, "Allahu akbar. Allah ya karɓa, ya ƙara mana irinku." Na yi dariya har ƙwarya tana rawa a hannuna. Na ce ashe tsohon nan ma ya iya shaƙiyanci.

Ban tsaya ba sai da na kakkaɓe buhun ƙarshe. Kuma don a rubuta a ajiye: karin maganar Halima ba ta ci ba. Ko ɗigon ƙaiƙayi bai dawo kaina ba. Na sauko tsaf, ina bin bango, ina tsara irin tafiyar da zan yi in ratsa taron.

Taron ya buɗa mini hanya, ana ta yi mini sannu da wani irin ladabi da ban saba gani ba. Na zagaya gindin gini.

Tsibin da ke kan tamfol, in an matsa, zai cika buhu ɗaya. Daga bakin tamfol kuwa gero ne shimfiɗe a ƙasa, ya bi fili, ya ratsa lungu, ya hau katangar Mani ya faɗa ciki. Kajin unguwa kaf sun hallara, har da waɗanda ban san da su ba, suna aiki ba ji ba gani.

Na durƙusa na ɗebi na lungun a tafin hannu. Ƙwayoyin sirara ne, shafaffu, wasu ma kamar ɓawo. Geron da bai ga taki ba, aka kuma yanke shi bai gama ɗaukar ido ba. Na hura kaɗan, suka tashi daga hannuna. Ƙasa ta ja su daidai yadda take jan na Karare, ba ta yi mini rashin adalci ba. Iska ce ta dube su ta ga ba su fi ƙaiƙayi da wani abin kirki ba, ni kuma na ba ta tsawon bene guda ta yi shawara. Darasina ne, kalma da kalma. Da yaro ne ya yi gwaji da wani gero ya yi aiki da wani, da jan biro zan zagaye masa.

Halima ta dawo ta tarar da buhu ɗaya a jingine a ɗaki, ƙwaryarta a kife a kai. Ta dube shi, ta dube ni.

"Sauran fa?"

"Suna nan kusa."

Ta ɗauki mayafi ta shiga gidan Fanta. Na zauna ina jin muryoyinsu ta kan katanga, gaisuwa dai har da tambayar Gwaggo. Ta daɗe kafin ta dawo.

"Ta ce in gaishe ka, in yi maka godiya. Ta ce da farko ta ɗauka tsiya ce, har ta fara zagi, sai ta ji abu yana sauka a kwanon rufi kamar yayyafi. Sun sake sheƙe shi, sun rairaye. Ta ce sirara ne amma suna da gari."

"Ba ki ce mata kuskure ba ne?"

"In ce mata me, Malam? Gari guda ya shaida. Ta riga ta aika wa maƙwabta nasu, har mai gyaran rediyo ya samu. Kowa yana sa maka albarka."

Bayan la'asar na tare Baba Jika a ƙofar masallaci. Na gaishe shi har ƙasa, na tambayi ƙafarsa, na tambayi jikokinsa ɗaya bayan ɗaya, sannan na ce, "Baba, game da maganar ɗazu. A ce mutum ya yi sadaka, amma ƙaiƙayi yake nufi."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Wa ke sadaka da ƙaiƙayi, Malam?"

"A ce dai an samu."

"Ai shi ya sa na tambaye ka har sau biyu. Ka ce duniya da lahira. Abin da ka bayar don Allah, aka karɓa, ya bar hannunka. Kada Shaiɗan ya sa ka yi da-na-sani, ladanka yana nan an ajiye maka." Ya dafa kafaɗata. "Jiya-jiyan nan ake ce maka wani suna marar daɗi. Yau ka ji wanda ya faɗa?"

Gaskiya ne, ban ji ba. Na gode masa. Ban tambaye shi ko ana tuƙa tuwo da lada ba.

Na koma gida ina lallashin kaina. Gero ya tafi, buhu ɗaya ba zai kai mu ko azumi ba, Halima ta fara yi mini magana da "to" kawai. Amma abu ɗaya ya tabbata, na gani da idona: ƙaiƙayin gona guda ya sauka a gidan Mani. Yana cikin shimfiɗarsa, yana cikin rigunansa, yana cikin hularsa. Na kwanta ina hango shi yana birgima yana susa, na ji wani sanyi a zuciya wanda bai kai buhu ukun da na rasa ba, amma ya rage asara.

Washegari na yi wanka, na sa babbar riga, na je dakalinsa na zauna tun kafin majalisa ta taru. Na tanadi gaisuwata, doguwa, mai tambayar lafiyar jiki gaɓa-gaɓa. Ina cikin maimaita ta a zuci sai ga babur ya tsaya, Mani ya sauko daga baya da buhun gyaɗa a cinya, ƙafafunsa duk jar ƙasar hanya.

Ashe tun ranar Laraba yana Runka wurin cirar gyaɗa.